An sayar da mashayar unguwa, magada sun ce ba da yawunsu ba: mai saye zai iya buɗewa?

Ɗan Kakuri:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman haske daga lauyoyi da dillalan gidaje da ke nan, da duk wanda ya san harkar.

Wata tsohuwar mashaya ce a Kakuri, nan Kaduna ta Kudu. Zaure babba ɗaya, ɗakuna uku a baya, sai fili a gaba inda ake jera kujeru da yamma. Mai wurin Kirista ne, ya rasu shekara biyu da suka wuce bai bar wasiyya ba. Ya bar mata ɗaya da 'ya'ya huɗu, biyu maza biyu mata, autan bai kai shekara 18 ba. Babban ɗan ya sayar wa wani ɗan kasuwa Musulmi wurin a kan naira miliyan 18. An ba shi miliyan 12, sauran 6 sai ya kawo takardun asali. Abin da ke hannun mai saye shi ne rasit, da takardar yarjejeniya da aka sa wa hannu gaban mai unguwa da shaidu biyu, da fotokwafin C of O, wato takardar shaidar mallakar fili, mai sunan marigayin.

Yanzu uwar da 'yan matan sun ce ba su san da ciniki ba, har sun kawo kwaɗonsu sun ɗora a kan na mai saye. Shi kuma mutumin da ke gudanar da mashayar tun mai wurin yana raye ya ce shi ɗan haya ne, kuɗinsa ba zai ƙare ba sai watan Maris, kuma firiza biyu da kujerun nasa ne. Wata biyu ke nan wurin a rufe. Mai saye ba giya zai sayar ba, gidan abinci da kallon ƙwallo yake so ya mai da shi.

Shin cinikin ya tabbata? Zai iya fasa kwaɗon ya fara gyara, tunda ya biya fiye da rabi? Kuma me ake nema kafin a sake buɗe irin wannan wuri da sabon mai shi?

Baristan Layin Kotu:

Wa alaikumus salam, Malam. Abu uku ne aka cusa cikin ciniki ɗaya, kuma daga nan rigimar irin wannan wuri ke tasowa. Akwai fili da gini, akwai kasuwancin da ke ciki, akwai lasisi. Kowanne da mai shi. Babban ɗan ya karɓi kuɗin duka ukun, alhali da wuya ko ɗaya yana hannunsa.

A fara da filin. Zama ɗan fari ba ya ba mutum ikon sayar da gidan uba. Idan mutum ya rasu ba wasiyya, wanda hukuma ta sani shi ne wanda sashen gado na Babbar Kotun jiha ya ba takardar izinin kula da dukiyar mamaci. Ana buga sanarwa a jarida tukuna, a ba da wa'adi ko akwai mai ja. Yawanci mutum biyu zuwa huɗu ake ba, kuma inda akwai yaron da bai balaga a doka ba, ba a damƙa wa mutum ɗaya shi kaɗai. In an zo sayar da fili, duk wanda sunansa ke cikin takardar sai ya sa hannu. Don haka tambayar farko ga babban ɗan ita ce: ina wannan takarda? In ya kawo, a duba sunayen da ke ciki, a kuma duba ko an lissafa wannan gini a jerin kadarorin. Sau da yawa ana karɓar takardar ne don cire kuɗin banki kawai, gida bai shiga ba.

In babu takardar, za a koma ga ƙa'idar gidan gado na iyali. Tun shari'ar Ekpendu da Erika a 1959 kotuna suka tsayar da magana: idan shugaban iyali ya sayar a madadin iyali ba tare da yardar manyan 'yan gida ba, cinikin yana nan amma za su iya rushe shi in sun tashi da wuri. Idan kuwa wanda ba shugaba ba ne ya sayar, ko shugaban ya sayar da sunan kayansa ne na kansa, cinikin bai ƙullu ba tun tushe. Saboda haka a ɗauko yarjejeniyar a karanta layin farko da kyau. "Na sayar da gidana" daban, "na sayar a madadin iyalin marigayi" daban. Kada kuma wani ya ruɗe shi da cewa a al'adarsu mata ba su da gado. A 2014 Kotun Ƙoli, a shari'ar Ukeje, ta soke al'adar da ke hana 'ya mace gadon uba saboda ta saɓa wa sashe na 42 na tsarin mulki, a shekarar kuma ta kare haƙƙin matar mamaci a shari'ar Anekwe da Nweke. Uwar nan da 'ya'yanta mata suna da ƙafar tsayawa.

Sa hannun mai unguwa shaida ce cewa an ba da kuɗi. Iyakarsa ke nan. Kakuri cikin birni ne, kuma Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, sashe na 22, ta ce ba a miƙa fili mai C of O sai da amincewar gwamna, sashe na 26 ya ce abin da aka yi saɓanin haka ba shi da inganci. A Kaduna ta ofishin KADGIS, hukumar rajistar filaye ta jiha, ake bi. Fotokwafin da aka ba shi ma abin tsoro ne, domin takardar asali wuri biyu take zama: ko a akwatin uwar gida, ko a banki an jinginar da ita. Da lambar fayil ɗin da ke jikin fotokwafin, lauya zai nemi binciken fayil a KADGIS. Sakamakon zai nuna sunan mai fili, ko akwai jingina, ko wani ya shigar da ƙorafi, bashin kuɗin ƙasa na shekara-shekara, da kuma abin da aka ba da filin don shi, zama ko kasuwanci. Wannan binciken kafin a ba da ko sisi ya kamata a yi, amma har yanzu miliyan 6 na hannu, bai zama ihu bayan hari ba.

Maganar fasa kwaɗo, a'a. Ko da cinikin ya inganta, wanda doka ke ɗauka yana riƙe da wurin shi ne ɗan haya. Mai biyan haya shekara-shekara notis na wata shida ake ba shi, mai biyan wata-wata notis na wata ɗaya, bayan ya ƙare a ƙara na kwana bakwai, sannan a je kotu. Kuma mai gida ne ke ba da notis. Mai sayen nan bai zama mai gida ba tukuna, notis ɗinsa takardar tsire ce. In ya fasa ya shiga, ya ba su hujjar ƙarar kutse a ƙarƙashin dokar hukunta laifuka ta Final Kod, ga ƙarar diyya daga ɗan haya in kujera ɗaya ta ɓace. Kai maganar caji ofis ma ba zai ba shi gini ba. Dokar 'yan sanda ta 2020, sashe na 32, ta hana kama mutum don saɓanin ciniki kawai, kuma rikicin fili mai C of O na Babbar Kotu ne bisa sashe na 39 na Dokar Amfani da Ƙasa. Inda 'yan sanda ke shiga shi ne in an nuna ɗan ya san ba shi da iko ya karɓi kuɗi da ƙarya, wato damfara.

Gyara kuma kada ya taɓa. A dokar da Babbar Kotu ke bi, abin da aka kafa a ƙasa na mai ƙasa ne. In ya zuba tayil, ya canza kwano, ya haƙa sokawe, aka rushe cinikin, duk ya yi wa magada aikin lada.

Abin yi yanzu: ya riƙe miliyan 6 ɗin da kyau, ya sa lauya ya rubuta wa babban ɗan wasiƙa yana neman takardar izinin kula da dukiya cikin kwanaki ƙayyadaddu, a aika wa uwar kwafi. Daga nan ko dai iyali su amince a sake rubuta ciniki da sa hannun kowa, ko a mayar masa da kuɗinsa, ko kotu.

Alhaji Dillali Barnawa:

Barista ya faɗi doka, ba ni da ja. Amma Barista, ka san shari'ar fili a Babbar Kotu ba ta wata shida ba ce, ga ɗaukaka ƙara. Ginin da aka rufe damina biyu, kwano zai yi yoyo, silin ya rufto, yara su zare wayoyin wuta da famfuna. Ranar da aka ci shari'a kango za a karɓa. Kuma miliyan 12 da ta shiga hannun saurayi wata biyu da suka wuce, kada a sa rai tana nan cif. Don haka ni hanyar mayar da kuɗi ba na ba ta ƙarfi.

Irin wannan rigima, in ka tona, ba ƙin sayarwa ba ne. Abu biyu ne: an raina su ba a tambaye su ba, kuma suna zargin an karya farashi. Maganin na biyun shi ne a kawo mai kimanta gidaje mai rajista, wanda ɓangarorin biyu suka yarda da shi, ya rubuta kima. In ya ce wurin ya fi 18, mai saye ya yi ciko, ya fi masa arha a kan kuɗin lauya na shekara biyar. Na farkon kuwa zama ne, a gidan uwar, da dattijon danginsu ko fastonsu, ba a ofishin mai saye ba. A rubuta cewa abin da babban ɗan ya karɓa an cire daga rabonsa, abin da ya haura bashi ne a kansa ga 'yan uwansa. Ragowar kuɗin kada ya sake bi ta hannunsa.

A kawo safiyo ma ya nemo duwatsun iyaka ya gwada da taswirar da ke jikin C of O. Filin gaba da ake jera kujeru, a yawancin mashayun Kakuri da Television da Sabon Tasha, ba ya cikin takarda. Gefen titi ne aka saba da shi. In mai saye ya lissafa shi cikin abin da ya saya har ya kafa rumfa, KASUPDA, hukumar tsara birane ta jiha, za ta zo ta shafa jan fenti.

Ɗan haya kuwa sallamarsa ake yi, ba korarsa ba. A nemi rasit ɗin hayarsa na ƙarshe, a duba wa ya karɓa. A lissafa watannin da suka rage har da biyun da aka rufe masa, a mayar masa, a ɗora kuɗin motar kwasar kaya. Ya rubuta cewa ya sauka daga haya da kansa, ya miƙa makulli gaban shaidu. Ranar buɗe ƙofa a tara kowa, a rubuta kaya ɗaya bayan ɗaya, a ɗauki hoto. A nan ake gane cewa rabin abin da ke cikin mashaya ba na mai ita ba ne. Firji mai tambarin kamfanin lemo ko na giya aro ne, yana da lamba a baya, kamfani zai zo ya ɗauki abinsa. Kiret da kwalaben da ba kowa a ciki akwai kuɗin ajiya a kansu wurin dila. Firiza da janareta kan zama jingina wurin ƙaramin banki, ana iya dubawa a rajistar jinginar kaya da Babban Banki ya kafa a 2016. Duk abin da ɗan haya ya ce nasa ne ya kawo rasit, wanda mai saye yake so a yi masa kuɗi daban, da takarda daban.

Sai basussukan da ke manne da wuri. A sayi katin wuta na dubu biyu a mitar a ga yunit nawa ya fito. In an zaftare, akwai tsohon bashi a asusun, a je ofishin Kaduna Electric a karɓo jimillarsa a rubuce. Haka kuɗin ruwa, haka takardun haraji da aka liƙa a ƙofa. A cire su duka daga miliyan 6 kafin a biya.

In kuma takardar kotun gado za ta ɗauki watanni, ga dabara: iyalin gaba ɗaya su ba mai saye hayar wurin ta shekara ɗaya a rubuce, ya buɗe ya fara juya kuɗinsa, ciniki ya kammala daga baya. Dillalin da ya haɗa wannan ciniki kuma, in bai karɓi la'adarsa ba, a riƙe ta. Wanda ya kai mutum cinikin biri a sama bai gama aikinsa ba.

Malam Na Zaure:

Assalamu alaikum. Tunda marigayin ba Musulmi ba ne, ba da rabon gadon Musulunci za a raba dukiyarsa ba, wannan fagen Barista ne. Amma mai saye Musulmi ne, akwai abin da ya hau kansa.

Sayar da abin da ba naka ba, malaman fiƙihu suna kiransa cinikin fuduli, wato na mai shisshigi. A mazhabar Malikiyya yana rataye ne a kan yardar mai abu. In ya amince ya wuce, in ya ƙi ya warware. To masu abu sun ce ba su yarda ba. Shiga wurin da ƙarfi bayan ya san haka ƙwace ne, ko da rasit ɗinsa ya cika jaka. A nan shari'a da dokar ƙasa bakinsu ɗaya.

Ginin kansa ba shi da laifi. An sayar da giya a ciki ba ya haramta sayensa, mai da shi gidan abinci ma abin a yaba ne. A wanke daɓe da kanta da kofuna da ruwa har wari da launi su gushe, shi ke nan, ba sai an fasa kofi ba. Abin da zai kiyaye shi ne ragowar giyar da ke sito. Kada ta shiga lissafin kuɗin da zai biya, kada ya karɓa da niyyar sayar wa wani ko mayar wa dila a ba shi kuɗi. Mai ita ya kwashe kafin a miƙa makulli. Kuma kada ya yarda da shawarar da za a iya kawo masa, cewa ya bar ɗan hayan ya ci gaba da sana'arsa har Maris yana biyan sabon mai gida. Ba da haya ga wanda aka san giya zai sayar a wurin bai halatta ba a wurin mafi yawan malamai. Sallamar da Alhaji ya faɗa ita ce mafita, a yi ta kafin wurin ya dawo hannunsa.

Don amfanin masu karatu da irin wannan zai faɗo musu a gidan Musulmi: ana fara fitar da kuɗin jana'iza, sai bashi, sai wasiyya da ba ta wuce sulusi ba. Da a ce wannan gidan ne, kuma iyayen mamacin ba sa raye, matar tana da tumuni, wato miliyan 2 da dubu 250 daga cikin 18. Sauran miliyan 15 da dubu 750 a kasa shida, kowane namiji ya ɗauki kaso biyu, miliyan 5 da dubu 250. Ka ga ko a rabon da namiji ke cin ninki, miliyan 12 ta ninka haƙƙin babban ɗan har da ɗori. Kuma ko rabonsa kaɗai ya sayar kafin a raba, 'yan uwansa suna da shuf'a, su biya abin da baƙon ya biya su karɓe. Wanda yake gari ya sani ya yi shiru har shekara, shuf'arsa ta faɗi, wanda ba ya nan tasa tana jiransa. Rabon maraya kuwa wasiyyi ko alƙali ne ke sayarwa, shi ma sai da maslaha bayyananna.

Ɗan Kakuri:

Allah ya saka da alheri, Barista, Alhaji, Allah ya gafarta Malam. An duba yarjejeniyar. Abin da aka rubuta shi ne ya sayar da gidan da ya gada daga mahaifinsa, ba a ambaci kowa ba. Takardar kotun gado babu, ba su taɓa nema ba. C of O na asali yana hannun uwar, kuma ta aiko cewa in za a ƙara kuɗi a zauna da ita za ta saurara. Saura tambaya biyu: shawarar haya ta Alhaji tana da haɗari? Sannan lasisin wurin da sunan da aka san shi da shi, suna bin ciniki?

Baristan Layin Kotu:

Da wannan lafazin ya sayar da sunan kayansa ne, don haka a ɗauka babu ciniki, a ƙulla sabo. Takardar asali a hannun uwar labari ne mai daɗi, amma duk da haka a yi binciken KADGIS.

Shawarar Alhaji tana aiki da sharaɗi. Uwar da manyan 'ya'yan uku duk su sa hannu, uwar ta sa a madadin autan, kuma a rubuta cewa sun ɗauki nauyin neman takardar kotun gado cikin wa'adi kaza. A rubuta makomar kuɗin hayar, da makomar miliyan 12 in ciniki bai kammala ba. A wannan shekarar kada ya kashe kuɗi sai a kan abin da zai iya ɗorawa a mota ya tafi da shi: tebura, talabijin, firiza, janareta. Fenti da gyaran famfo ba komai. Fasa bango da sabon gini su jira.

Idan takardar ta fito, masu kula da dukiyar su buɗe asusun banki da sunan dukiyar marigayin, a tura ragowar kuɗi can, ba tsaba ba. Lauya ya rubuta takardar miƙa mallaka, a biya harajin hatimi, a nemi amincewar gwamna, a yi rajista. Sai an yi rajistar nan sunan mai saye ke shiga fayil.

Lasisin giya ba ya bin gini. Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1999 ya sa shi a hannun ƙaramar hukuma, da sunan mutum ake ba da shi, ana sabuntawa duk shekara. Ko wanda zai ci gaba da mashaya ne sai ya nemi nasa. Shi da ba ya buƙata, ya rubuta wa sashen kuɗin shiga na Kaduna ta Kudu cewa an daina sayar da giya a wannan adireshi daga rana kaza, ya karɓi kwafi mai hatimi, in ba haka ba za a ci gaba da kawo masa takardar biya. Suna kuma ya yi rajistar sabo a CAC, hukumar rajistar kamfanoni. Sunan kasuwanci ba mutum ba ne mai zaman kansa a doka, bashinsa na kan mai shi, amma in ka ci gaba da amsa tsohon suna duk wanda ke bin wurin bashi ƙofarka zai ƙwanƙwasa. Da kamfani mai iyakar alhaki ne ka sayi hannun jarinsa, to ka saye shi da bashinsa gaba ɗaya.

Hajiya Uwar Tukunya:

Sannunku da ƙoƙari. Ni ɓangaren buɗewa zan taɓa, domin mashaya da gidan abinci ba gini iri ɗaya suke so ba, ko da zauren ya yi kama.

Takardu tukuna. In binciken fayil ya nuna filin na zama ne, ana neman canjin amfani, kuma duk wani ƙarin gini, har rumfar kwano a gaba, sai da izinin KASUPDA. Tsohon mai wuri ya shekara ashirin ba a taɓa shi ba, wannan ba kariya ba ce ga sabon shiga, sabon fenti shi ke jawo ido. Mutanen Kaduna ba su manta da gidan abincin da aka rushe a Sabon Tasha a ƙarshen Disambar 2020 ba. Daga nan sai izinin gidan abinci na ƙaramar hukuma. Dubagari za su zo su ga bayan gida, magudanar ruwa, wurin shara da wurin wanke hannu, kuma duk mai taɓa abinci sai ya yi gwajin asibiti an ba shi takarda. Allon suna ma akwai kuɗinsa.

Inda kuɗi ke tafiya ba a shirya ba shi ne ruwa. Mashaya kofi take wankewa, sokawenta ƙarami ne. Gidan abinci yana zubar da ruwan shinkafa da mai da kitse tun asuba. In aka haɗa bututun kicin kai tsaye da tsohon ramin, kitse zai daskare a ciki, cikin 'yan watanni ruwa ya dawo tsakar gida, maƙwabta su kai ƙara. A gina ƙaramin akwatin tare mai tsakanin wurin wanke-wanke da rami, mai murfi, a riƙa kwashewa duk mako. Bayan gida a raba na maza da na mata, na mashaya yawanci wurin fitsari ne kawai, kuma warinsa ya shiga siminti, sai an kankare filasta an sake. Tunda Barista ya ce kada a fasa bango yanzu, a dafa a ɗakin baya mafi kusa da ƙofar fita, a sa fanka mai zuƙe hayaƙi a taga. Tukunyar gas a waje, cikin keji mai iska, tiyo da regileta sababbi, a gwada mahaɗa da ruwan sabulu. Abin kashe gobara biyu, ɗaya a ƙofar kicin ɗaya a zaure. Wutar mai ba a zuba mata ruwa, a koya wa yara su rufe tukunya su kashe gas.

Wayarin a kira mai aikin wuta ya bi shi daga mita. Tsofaffin mashaya cike suke da jone-jone, an ja wayar fitila an ɗora mata firiza. Firiza tana jan kamar wat 150 zuwa 250 in tana aiki, amma lokacin tashi tana ninka haka sau uku ko fiye, shi ya sa ƙaramin janareta ke shaƙewa in biyu suka tashi tare, talabijin ya ɗauke ana tsakiyar wasa. A ba firiza layinta, talabijin da dikoda nasu layin da inbata ko ƙaramin batir. A tambayi rukunin layin unguwar ma. Tun Afrilun 2024 'yan Band A, rukunin da ya fi samun wuta, ke biyan sama da naira 200 kan yunit, wannan kaɗai yana iya sauya farashin kwanon abinci. Dikoda kuma kada a ɗauko ta gida, DStv suna da tsarin biya daban na wuraren kasuwanci.

Ma'aikatan tsohon wuri, albashinsu da sallamarsu na kan wanda ya ɗauke su. Dokar ƙwadago ta ce wanda ya shekara biyar ana ba shi notis na wata ɗaya, mai shekara biyu zuwa biyar mako biyu. Wanda sabon mai wuri yake so ya riƙe, musamman mai gasa kifi ko mai farfesu in suna da hannu, ya ɗauke shi sabuwar ɗauka da takarda mai kwanan wata.

Sai mutane. Wanda ya lissafa tsofaffin masu zuwa cikin ribar da zai samu ya yi kuskuren lissafi, abin da ke kawo su ba ya nan. Wasu za su zo daren wasa da kwalbarsu a aljihu ko leda, su sayi lemo su haɗa. A rubuta a ƙofa cewa ba a shigowa da abin sha daga waje, a sa mai gadi babba mai natsuwa wanda ya san fuskokin unguwa, ba yaro mai zafin kai ba. Iyalai da mata kuma ba za su shigo ba muddin wurin yana kama da jiya. A cire labulen ƙofa da fitilu masu launi, a buɗe tagogi, a canza launin bango daga na kamfanin giya, a raba zauren kallo da wurin cin abinci ko da da katako ne. Kafin ranar buɗewa a gaida mai unguwa da maƙwabtan dama da hagu, a faɗa musu lokacin tashi. Wasannin Turai na tsakiyar mako suna kai wa sha ɗayan dare, don haka lasifika ta fuskanci ciki, janareta kuma a ajiye shi nesa da tagar maƙwabci.

Makon farko a dafa kaɗan, mudu uku ko huɗu na shinkafa da miya kala biyu, a rubuta abin da ya ƙare da ƙarfe nawa ya ƙare. Ranakun da ba wasa su za a duba wajen tsayar da yawan cefane, ba daren Asabar ba.